Shirun Na'ura Ba Rashinta Ba Ne: Iyakar Manhajojin Laluben Netwok

Duk wanda ya taɓa zargin cewa wani yana sha masa Wi-Fi a ɓoye, ko ya nemi adireshin firintar ofis ya rasa, ya san manhajojin laluben netwok, masu jero na'urorin da ke jone da shi. Akwai Fing a waya, akwai Angry IP Scanner da Advanced IP Scanner a kwamfuta, sai kuma uwarsu duka, Nmap, wadda Gordon Lyon ya fitar a 1997, kuma har yau ita ma'aikatan tsaron kwamfuta suka fi riƙo da ita. Kana danna maɓalli, kafin ka ƙifta ido jeri ya fito: ga adireshi, ga suna, ga kamfanin da ya ƙera na'urar, wani lokaci har da ɗan hoton waya ko talabijin a gefe. Tsaftar jerin nan ita ce take ruɗar mutane, domin da ka gan shi sai ka ɗauka an ƙirga duk abin da ke kan netwok ɗin ba a bar ko ɗaya ba.

Ba haka abin yake ba. Manhajar ba ta da idon da take leƙa cikin kebul ko iska da shi. Tambaya take aikawa, ta jira amsa, ta rubuta sunan wanda ya amsa. Aikinta kamar na malamin da ke kiran suna a aji ne alhali an rufe masa ido: wanda ya yi barci, da wanda ya ƙi amsawa, da wanda ke ajin da ke maƙwabtaka, duka za a rubuta ba su zo ba, wanda kuma ya amsa da sunan wani za a rubuta shi da sunan da ya amsa. Kusan duk gazawar da aka san waɗannan manhajoji da ita daga nan ta samo tushe, kuma mafi yawanta ba laifin masu rubuta manhajar ba ne, haka aka gina netwok ɗin tun asali.

Tambayar da kowa ya fi sani ita ce ping, wadda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Ana aika ɗan ƙaramin saƙo zuwa wani adireshi, in akwai na'ura a wurin sai ta mayar da shi. Matsalar ita ce ba dole ba ne ta mayar. Tun daga 2004, lokacin da Microsoft ya fara kunna katangar tsaro a Windows XP kai tsaye, kwamfutocin Windows suka saba yin kunnen uwar shegu da ping sai in an ba su izini. Saboda haka manhajar da ta dogara da ping kaɗai za ta iya wuce kwamfuta goma suna aiki tuƙuru, ta ce babu kowa a wurin. Nmap ta san da wannan, shi ya sa idan abin da take nema yana nesa ba ta tsaya kan ping ba, takan ƙara da ƙwanƙwasa ƙofofi, wato mashigai masu lamba da na'ura ke karɓar saƙo ta cikinsu, ta 443 da ta 80, da kuma tambayar lokaci. Duk da haka katangar da aka saita da kyau tana iya haɗiye dukkansu ba tare da ta ce uffan ba.

Tambayar da ta fi wuyar kaucewa ita ce ARP, tsarin da David Plummer ya rubuta a 1982. Kafin na'ura ta aika wa maƙwabciyarta saƙo a netwok ɗaya, sai ta san lambar katinta na netwok, wato adireshin MAC. Don haka sai ta yi shela kowa ya ji: “Wa ke riƙe da 192.168.1.23? Ya sanar da 192.168.1.5.” Mai adireshin dole ya amsa, domin in ya ƙi, ko rauta, akwatin da ke haɗa netwok ɗin da intanet, ba za ta iya kai masa saƙonsa ba, ya yanke kansa daga intanet ke nan. Katangar Windows da ta hana ping ba ta hana wannan. Shi ya sa duk manhajar da ta san abin da take yi, in tana cikin netwok ɗaya da abin da take nema, ARP take amfani da shi.

Amma shelar ARP ba ta ƙetare rauta. Inda rauta take, nan muryarta ta tsaya. Wannan shi ne babban shingen da ke ba mutane mamaki, kuma ya cancanci a duba shi da kyau. A ɗauka akwai ƙaramin ofis da rautarsa ke raba adireshi daga 192.168.1.2 zuwa sama. Wi-Fi bai kai ɗakin baya ba, sai wani ya kawo rauta ta biyu ya jona ta da kebul ta ƙofar da aka tanada don intanet, bai taɓa saitinta ba. Ita kuwa sai ta buɗe nata ƙaramin netwok, ta fara raba 192.168.0.100 zuwa sama. Yanzu ka zauna a ɗakin gaba ka yi lalube. Za ka ga rauta ta biyu a matsayin na'ura guda ɗaya tak, alhali a bayanta akwai kwamfuta huɗu da firinta da wayoyin ma'aikata. In ka koma ɗakin baya ka sake, za ka ga waɗannan, na ɗakin gaba kuma su ɓace, sai in ka rubuta wa manhajar ɗaya zangon adireshin da hannunka. Ko ka yi hakan ma, ARP ba zai yi aiki ba, ka koma kan ping da rauninsa, kuma ba za ka samu lambar MAC ko ɗaya ba, tunda lambar ba ta tsallake rauta.

A manyan ma'aikatu da gangan ake yin wannan rabuwar. Ana yanka netwok ɗaya gida-gida da tsarin VLAN, kyamarori a nasu sashe, wayoyin tebur a nasu, ma'aikatan kuɗi a nasu, ko da kuwa duka kebul ɗin a akwati ɗaya suka haɗu. Sai kuma netwok ɗin baƙi na otal da filin jirgi da na rautar gida, inda akan kunna saitin da ke hana na'urorin Wi-Fi ganin juna. A irin wannan wuri manhajar za ta nuna maka abu biyu, kai da rauta, ko da mutum ɗari suna kan Wi-Fi ɗin. Wani lokaci ma shingen a cikin kwamfutarka yake: ka kunna VPN, mai karkatar da saƙonninka ta wani netwok, ko kana gudanar da manhajar a cikin kwamfutar da aka ƙirƙira a cikin wata kwamfuta, sai ta yi ta lalube a wani netwok na daban tana ba ka rahoto da cikakken yaƙini.

Akwai kuma akasin haka, inda amsa take yin yawa. Wasu rautoci da katangogin tsaro suna amsa ARP a madadin wasu adireshi. Sai ka ga manhaja ta ce duka adireshi 254 na netwok ɗin suna da rai, kuma in ka lura, lambar MAC ɗinsu ɗaya ce. Wasu na'urorin ƙara zangon Wi-Fi ma suna sauya lambar duk wanda ya bi ta kansu. Har Apple yana da tsarin da wata na'urarsa da ke kunne take amsa wa kwamfutar Mac da ta yi barci, don haka abin da manhaja ta ce yana farke yana iya zama yana sharar barci.

Barci kansa babbar matsala ce. Wayar da ke aljihu, allonta a kashe, tana rage sauraron Wi-Fi don ta tara batir, ta riƙa farkawa jefi-jefi. Manhajar da ke jiran amsa na rabin daƙiƙa za ta wuce ta. Ka sake lalube bayan minti ɗaya, mai wayar ya ciro ta yana duba saƙo, sai ga ta ta bayyana. Mai lalube yana cikin tsaka mai wuya a nan: in ya ƙara lokacin jira aiki ya yi tsawo, in ya rage ya rasa na'urori. A netwok mai adireshi 254 ƙarin jira ba komai ba ne. A mai 65,536 kuwa, kowace daƙiƙa da ka ƙara tana ninkuwa. Kuma ko wane zaɓi ka yi, abin da ka samu hoton lokaci ɗaya ne. Kwamfutar da aka kashe da rana ake kunna ta da dare ba za ta taɓa shiga jerin da aka yi da hantsi ba.

To, a ce na'urar ta amsa. Yaya manhajar take sanin ko mece ce? A nan ne, a ganina, aka fi yi wa masu amfani da ita rufa-rufa, domin ana nuna hasashe da fuskar tabbas. Sunan kamfanin da kake gani daga kashi uku na farko na lambar MAC aka ciro shi, waɗanda hukumar IEEE take yi wa kamfanoni rajista. Amma rajistar sau da yawa ta wanda ya ƙera guntun Wi-Fi ɗin ce, ba ta wanda ya ƙera na'urar ba. Shi ya sa ƙwan lantarki mai jona intanet yake fitowa da sunan Espressif, kwamfutar HP ta fito da sunan Intel, mai gida kuma ya tayar da hankalinsa yana cewa bai taɓa sayen komai daga waɗannan kamfanoni ba.

Yanzu ma wannan 'yar madogarar ta raunana. Domin hana bin diddigin mutane, Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 sun fara ƙirƙirar lambar MAC ta bogi ga kowane Wi-Fi da waya ta shiga, ba tare da an ce su yi ba. Lambar bogi ba ta cikin rajistar kowa, sai manhaja ta rubuta cewa ba a san na'urar ba. Da yawa daga cikin “ɓarayin Wi-Fi” da mutane ke kamawa da waɗannan manhajoji wayoyin 'yan gidansu ne. Akwai 'yar dabarar gane su: duba harafi na biyu na lambar, in 2 ne ko 6 ko A ko E, to ƙirƙirarriya ce, ba wadda aka buga a masana'anta ba. Dabarar za ta gaya maka lambar ta bogi ce, amma ba za ta gaya maka wayar wace ce ba.

Sunan na'ura kuma, irin su “Firintar Bene” ko “iPhone”, ita na'urar ce take faɗa da bakinta, ta hanyoyi daban-daban da ba su jituwa da juna. Kayan Apple da firintoci da yawa suna sanar da kansu ta mDNS, a ƙofa ta 5353. Talabijin da kayan kallo sun fi son SSDP, a ƙofa ta 1900. Tsofaffin kwamfutocin Windows da NetBIOS suka saba, a ƙofa ta 137. Manhajar da ba ta jin ɗaya daga cikin waɗannan harsuna za ta bar gurbin suna fayau. Dukkansu kuma shela ce ta cikin gida, rauta ba ta barin ta wuce sai an yi mata saiti na musamman, wanda shi ne dalilin da ya sa waya take kasa ganin firintar da ke wani sashe ko da tana iya kai mata saƙo. Kuma babu mai tantance gaskiyar sunan. Wanda ya shigo da mugun nufi zai iya kiran kwamfutarsa firinta, ya ari lambar MAC irin ta masu ƙera firinta, manhajar ta manna masa hoton firinta a gefe cikin ladabi.

Wanda ke lalube da waya yana da ƙarin cikas da mai kwamfuta ba shi da shi. Tun daga iOS 11 a 2017 Apple ya hana manhajoji karanta lambobin MAC na maƙwabta, daga iOS 14 kuma sai mai waya ya ba da izini kafin manhaja ta taɓa netwok na cikin gida. Google ya bi sahu a Android 10, ya rufe wurin da manhajoji ke karanta teburin ARP, inda waya ke ajiye lambobin MAC na maƙwabta. Don haka manhaja ɗaya, suna ɗaya, sai ta ba da sakamako daban a waya da kwamfuta. A kwamfutar ma sai da iko: Nmap ba ta iya ƙera saƙonninta na musamman sai an gudanar da ita da ikon mai kula da na'ura, a Windows kuma sai an saka mata wata ƙarin manhaja mai suna Npcap. In babu wannan, sai ta koma hanyar da ta fi rauni, wani lokaci ba tare da mai amfani ya lura ba.

Batun ƙofofi shi ma haka. Kowace na'ura tana da ƙofa 65,535 na TCP da wasu 65,535 na UDP, manyan hanyoyi biyu na aika saƙo a netwok. Nmap, in ba a ce mata komai ba, 1,000 da aka fi amfani da su take dubawa, na TCP kaɗai. Ƙananan manhajojin waya ba su kai haka ba ma. Wanda ya ɓoye abinsa a ƙofa ta 49,000 da wani abu ya tsira. UDP ya fi ban haushi, domin ƙofar da ke buɗe sau da yawa shiru take yi, wadda katanga ta toshe ita ma shiru take yi, kuma babu yadda za a bambance shiru da shiru. Nmap dai tana da gaskiya a nan, takan rubuta cewa ƙofar ko dai buɗe take ko a toshe. Rufaffiyar ƙofa ce ta saba amsawa, amma Linux yana taƙaita wannan amsar zuwa kusan ɗaya a daƙiƙa, don haka duba duka ƙofofin UDP na na'ura ɗaya yana cin fiye da awa 18. Kusan babu mai yi.

Gano nau'in manhajar da ke bayan ƙofa ma hasashe ne. Domin ta gane ko Windows ne ko Linux, Nmap tana son ta samu aƙalla ƙofa ɗaya buɗe da ɗaya rufe, ta kwatanta salon amsar da waɗanda ke cikin ma'ajiyarta. Talabijin da rauta da kyamara duka za su iya fitowa a matsayin Linux, kuma ba ƙarya aka yi ba, sai dai bayanin bai amfane ka da komai ba. Manhajojin neman ɓarakar tsaro kuma sukan dogara da lambar sigar da manhaja ta faɗa. Amma masu haɗa Linux irin su Red Hat da Debian suna toshe ɓaraka a tsohuwar siga ba tare da sun ɗaga babbar lambarta ba, sai rahoto ya cika da jan rubutu kan matsalolin da aka daɗe da gyarawa. Ma'aikacin da ya sha ganin irin wannan ƙararrawar ƙarya yakan fara raina rahoton, ranar da ta gaskiya ta zo sai ya wuce ta.

Sai IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, wanda ya rusa dabarar bin adireshi ɗaya bayan ɗaya gaba ɗaya. Netwok ɗin gida na tsohon tsari, IPv4, adireshi 254 ne, ana gama kiransu cikin daƙiƙu. Netwok ɗin IPv6 da aka saba rabawa yana da adireshi fiye da biliyan biliyan 18. Ko kana tambayar miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ka shafe shekara sama da 580,000. Abin da ake yi a madadin haka shi ne aika saƙo zuwa adireshin da kowa ke sauraro, ff02::1, a jira waɗanda suka ga dama su amsa, ko a kasa kunne a tsinci masu magana. Windows ba ya yawan amsa wannan kira, na'urori kuma suna sauya adireshinsu na wucin gadi lokaci zuwa lokaci don kare sirri. Manhajojin da jama'a ke saukewa da yawa ba su ma taɓa IPv6 ba, alhali ƙofar da aka kulle ta IPv4 tana iya zama a buɗe ta wannan ɓangaren.

Wasu abubuwan kuwa ba su cikin lissafin kwata-kwata. Na'urorin Zigbee da Z-Wave da Bluetooth, masu magana da juna ta iska ba ta Wi-Fi ba, ba su da adireshin IP a netwok ɗinka, akwatin da ke haɗa su kaɗai za ka gani. Ƙaramin akwatin raba kebul marar saiti ba shi da adireshi. Na'urar da aka dasa don ta saurara kawai, ba ta aika komai, babu tambayar da za ta fito da ita.

Abin da masu saukar da manhaja don nishaɗi ba su cika sani ba shi ne laluben kansa yana iya yin ɓarna. Firintoci da yawa duk abin da aka aika musu ta ƙofa ta 9100 bugawa suke yi, don haka tambayar gwaji tana iya sa su fara amayar da takardu cike da shirme. Shi ya sa Nmap take tsallake ƙofofi 9100 zuwa 9107 idan tana gwajin siga. A masana'antu abin ya wuce asarar takarda. Hukumar NIST ta Amurka, a jagorarta kan tsaron na'urorin sarrafa masana'antu, ta kawo labarin wani laluben ping da ya sa hannun mutum-mutumi mai tsawon mita 3 ya farka ya juya digiri 180, da wani da ya daskarar da na'urar da ke kula da ƙera guntayen lantarki, aka yi asarar kaya na dala 50,000. Tsofaffin na'urori irin waɗannan an ƙera su ne su yi magana da abokin aiki ɗaya, ba a taɓa tunanin wani zai zo yana ƙwanƙwasa musu ƙofa dubu a jere ba. A irin wannan wuri, da asibitoci, ƙwararru sun fi son sauraro a kan tambaya. Kuma ko ina ne, lalube a netwok ɗin da ba naka ba, ba tare da izini ba, yana iya jawo maka kora daga aiki ko shari'a.

Sauraron ma ba cikakken magani ba ne. In ka buɗe Wireshark, manhajar sauraron saƙonnin netwok, a kwamfutarka, saƙonninka da shelar da aka yi wa kowa kaɗai za ka gani, domin akwatin raba kebul na zamani yana kai kowane saƙo ƙofar mai shi ne kawai. Sai an saita masa wata ƙofa da zai riƙa kwafo mata zirga-zirgar sauran, kuma wannan sai akwati mai saiti, sai kuma wanda ke da ikon shiga cikinsa.

Shi ya sa wanda ya ƙware ba ya tsayawa kan jeri ɗaya. Yakan ɗauki sakamakon manhaja ya ajiye shi kusa da teburin rautar da ke raba adireshi, da jerin waɗanda na'urar Wi-Fi ta ce suna jone da ita, da teburin lambobin MAC na akwatin raba kebul, sannan ya bi inda suka saɓa. Ga mai gida da ke zargin ana sha masa Wi-Fi, shafin saitin rautarsa ya fi kowace manhajar waya, kuma sauya kalmar sirri ya fi saurin warware masa zargi a kan zaman tantance lambobi. Su ma waɗannan teburori kowanne da gurbinsa: na'urar da aka rubuta wa adireshi da hannu ba ta bayyana a teburin raba adireshi, akwatin raba kebul kuma yakan goge lambar duk na'urar da ta yi shiru na kusan minti 5.